Yadda Za Ka Sha Tabarka Kuma Ka Riƙe Makullin Motar Hajiya

Bi matakan nan, ba hancin da zai kama ka a Abuja. In an kama ka, zo ka aske min gemu.

Manniru direba ne ya fara gwada su. Uwar ɗakinsa, Hajiya Nazeefa ta Maitama, ta dawo daga taron ma'aikatarsu da labarin wai a cikin karan sigari akwai dalma, da ƙarfen batir, da dangin maganin ɓera. Suka shirya: ya bar taba, ta bar masa makullin sabuwar jif.

1. Amsa da wuri
Ka ce, "Ranki ya daɗe, ai tun jiya na bari." Mai jinkiri shi ake zargi.

2. Ware rigar hayaƙi
Ajiye ta wurin Kure mai tireda, bayan ma'aikata. Mitin ɗin manya ba ya ƙarewa ƙasa da awa uku. Sauya riga, zuƙi kara huɗu, ka dawo fes kamar ango.

3. Gyara baki
Kanumfari, citta, sannan goro. In tari ya taso, ɗora wa sanyin mota. Iyakwandishan ba ya kare kansa.

4. Ranar awon jini
Arziki ya zo, yanzu har direba ake kaiwa asibiti. Jini kuwa bai san kanumfari ba. Da takarda ta nuna ƙarfe a jikin Manniru, bai ko ƙifta ido ba. Ya ce shekara goma sha biyu yana goge kan batir da hannu, me ake jira a gani? Koyi wannan natsuwar.

5. Karɓi tausayi
Hajiya ta yarda, har da ƙwalla. Ta ce, "Malam Manniru, ba zan bari mota ta kashe min kai ba." Ta karɓi makulli ta miƙa wa Nuraddeen mai ban ruwan fulawa, ta ba Manniru tiyon ban ruwan.

Ka ga dai ba a kama shi ba, gemuna yana nan. Nuraddeen ya ci jif, Kure ya ci ciniki, Manniru na yawo tsakanin shuke-shuke yana tari. Ƙarfen kuwa likita ya ce ya tare a ƙodarsa, sai ya yi shekara ashirin bai nemi canjin wurin aiki ba.

Ni hanci na ce za ka tsere wa. Maganar makulli da ƙoda, ba da yawuna ba.