Ramuka Huɗu na Tanda ta Uku

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin da har yau in na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska, ni kaɗai a tsakar gida. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sutunans ɗin autata Balkisu, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa kafin a ba shi diplom. Saura ƙiris in ja mata maimaita shekara, kuma da masa goma sha biyar na so yin wannan aika-aika.

Ni mai tuyar masa ce. Shekara talatin ina yi a gidan nan namu na Zongo, ban cika fita ba, ko kasuwar Dantokpa sai shinkafa ta ƙare nake leƙawa. Boko aji uku na yi. Amma Allah ya ba ni kunne, maganar da ta ratsa tsakar gidana, ko da Faransanci ce, sai ta maƙale.

A shekararta ta ƙarshe, kullum bayan la'asar Auta kan kifa turmi ta ɗora kwamfuta a kai, ni ina wanke tanda, ita tana faɗa da allo. (Lokacin bishiyar mangwaron nan ba a sare ta ba, babanta ma yana da rai, yana kishingiɗe da rediyonsa yana yi mana dariya.) Ran nan na ce, "Ke Auta, wai me kike ƙerawa ne da kike tsaki kamar mai tsince tsakuwa a wake?"

Sai ta jawo tandata ta ƙasa, mai rami takwas, cikin ukun da na gada a wurin mahaifiyata. Ta ce, "Inna, kwamfuta ba ta san komai ba sai akwai da babu. Rami da masa, ɗaya ke nan. Rami fanko, sifili. Kowane rami sunansa bit, kuma takwas-takwas take ba da su, kamar tandarki. Ni mazubi nake ƙerawa da zai jera su. In ramuka sun ƙare ya ƙaro tanda da kansa, in an rage ya mayar. Za a sa shi a rumbun kayan aikin da masu rubuta manhaja ke ɗiba, kowa ya ɗauka ba sai ya ƙera nasa ba."

Na ce, "Ashe sana'ata kika je koyo a wurin masu ɗaura taye."

Daga nan ta ƙudura cewa da tanduna za ta yi bayani ranar sutunans. Akwai wani malami a cikin masu yi mata hukunci, dogo mai sanƙo, da ɗalibai ke cewa bai taɓa murmushi ba. In ya kayar da ita sai baɗi, ga kuma wani kamfani a Sèmè-Kpodji da ya ce kujera na jiranta muddin ta kawo diplom a bana.

Ga yadda ta tsara. Gidajen layinmu ashirin ne, kowane gida rami ɗaya. Gidan da ke da wuta a sa masa, wanda aka ɗauke wa a bar shi fanko. Gida ashirin sai da tanda uku, rami ashirin da huɗu, saboda haka huɗun ƙarshe na tanda ta uku ba na kowa ba ne. Da safe na soya, ta jera guda tara nan da can, ta rufe da farin ƙyalle. Ta ce, "Inna, zan riga ki tafiya. Yadda na jera haka za ki kawo, kar ki taɓa."

Na ji ta. Wallahi na ji ta, kar ka ce ban ji ba.

Na yi wanka, na ɗaura leshi, zan sa tandunan a daro sai na ɗaga ƙyallen. Ramuka a wangale kamar bakin tsohuwa. Ka sani, mu a wurinmu barin rami fanko laifi ne. Ramin da ba ƙullu ƙonewa yake, har tanda ta tsage. Mahaifiyata da bayan cokali take buge min hannu in na tsallake ɗaya. Sannan ga ido. A ce an kai wa manyan malamai tanda da giɓi, daga gidana? Su ce mutanen Zongo rowa gare su? Na ce a raina yarinya ce, sauri ya sa ba ta ƙarasa ba. Ga sauran masa da zafinta a kwando. Hannuna bai ma shawarce ni ba. Na cika su tas, har na sauya biyu da suka ɗan ƙone, na mayar da ƙyalle ina jin daɗin kaina.

Haka na hau zem, wato acaɓa, da daro a cinya, ina roƙon mai babur ya bi ramukan titi a hankali.

Ɗakin ya cika da ɗalibai da iyaye. Malamai uku a gaba, mai sanƙo a tsakiya. Auta cikin baƙar riga tana zuba Faransanci, ni a layi na biyu ina gyaɗa kai, ina tsintar abin da na saba ji a ƙarƙashin mangwaro. Har na taɓa matar da ke kusa da ni na ce, "Yanzu za ta zo kan tanduna, nawa ne."

Auta ta nuna allo. Ta ce mazubinta ya ƙirga gidaje masu wuta, tara. Ta ce ga shi kuma a zahiri. Ta yaye ƙyalle.

Ashirin da huɗu, suna ta ƙyallin mai.

Auta ta juyo a hankali ta dube ni, irin kallon da ni na saba yi mata tana ƙarama. Wani ɗalibi daga baya ya ce yau dai layinsu kowa ya samu wuta, har da gidajen da ba a gina ba. Dariya ta ɓarke.

Da na yi shiru da abin ya tsaya nan. Ina. Sai na miƙe, da Faransancina na kasuwa haɗe da Hausa, na ce, "Musye, ku yi haƙuri, ba laifinta ba ne. Ni na ga ba ta cika ba na ƙarasa mata. Ba a kawo wa manya abu da giɓi."

Mai sanƙo ya cire tabarau. Ya ce, "Madam, har huɗun ƙarshen kika cika?"

Na ce, "Ai su suka fi ba ni tausayi."

Ya juya wurin Auta. Ya ce ta umarci mazubin nata ya yi abin da uwarta ta yi, ya cika duka, sannan ya ƙirga. Gida ashirin ne, ya kamata ya ce ashirin. Ta danna. Allo ya rubuta ashirin da huɗu.

Ban iya karatu sosai ba, amma lamba na san ta. Ashe abin nata ma irin halina gare shi, in aka ce ya cika, har ramukan da ba na kowa ba yake cusa wa. Wata shida tana gwaji ba ta gano ba, sai da uwarta ta tona mata a gaban jama'a. Na zauna ina jin ɗankwalina ya yi min nauyi. Na tuna kujerar Sèmè-Kpodji, na ce shi ke nan, na soye ta.

Malamin ya ba ta minti biyar ta gyara. Ni dai sai salati nake. Ta ƙara layi ɗaya na rubutu a kwamfutar, wanda ke share ramukan rara duk lokacin da aka cika ko aka rage. Ta sake dannawa. Ashirin.

Mai sanƙo ya tashi ya zo gaban tanda ta uku, ya tsame huɗun ƙarshen, ya ce bari shi ma ya gyara tasa. A tsaye ya cinye biyu. Murmushi dai bai yi ba, amma ya tambaya ko akwai yaji.

Auta ta ci jarrabawar, ta kuma samu aikin. A hanyar gida, da muka shigo layinmu, ta ce, "Inna, ko a lahira aka ba ki tanda sai kin cika." Daga baya ta nuna min saman layin nan da ta ƙara, inda ta rubuta da Hausa: kar a bar wa Inna. Wai har yau yana cikin rumbun, mutanen wasu ƙasashe na wucewa ta kansa ba su san wace ce ba.

Yanzu ta yi aure, turmin ba mai kifa shi, tanda ta uku ma ta tsage bara. Na dai koyi cewa wani fankon da gangan aka bar shi, kuma babu ma magana ce. Sai dai ko jiya da ta zo da yara, na ga gefen kularta da sarari, na faki idonta na cusa masa shida.

Tsakani da Allah, kai da aka bar ka da tanda mai giɓi, ga masa da zafi a kwando, za ka iya riƙe hannunka?