Rasuwar Fankar Ruwa a Garken Malik Irshad

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, iyalan Malik Irshad Kharal na bayan garin Okara, mai digiri biyu da ɓaunar tatsa ɗaya, suna sanar da rasuwar fankar ruwansu, wadda aka fi sani da Lahoriya. Ta cika ranar Talata da azahar, lokacin da iska ke busowa kamar daga bakin tanderu.

Marigayiya ta shigo gidan nan cikin kayan auren matarsa Shahnaz. Akwatin ƙarfe ce mai bangon ciyawa, ruwa na tsiyaya a jikin ciyawar, farfela na huro sanyi. Ta yi shekaru tana hidima a ɗakin kwana. Bana da ɓaunar gidan, Billo, ta haifi maraƙa mai suna Moti, sai aka yi mata canjin wurin aiki zuwa garke. Manyan ɓauna irin Billo suna da tafki, su nutse sai hanci a waje. Moti kuwa baƙa ce wuluk, fatarta ba ta iya gumi, kuma ba ta isa shiga tafki ba. Shahnaz ta ce yau ta san matsayinta a gidan, amma ita ta kama gefe ɗaya na fankar aka ɗauka.

Ba a taɓa jin ƙorafi daga bakin marigayiya ba sai "ƙirrr-tak, ƙirrr-tak", da wani dogon "huuu" duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga wadda take yi wa hidima: Moti ta cinye mata bango guda. Marigayiya ta koma huro zafi, jikinta ya ɗau zazzaɓi. Magani ɗaya aka sani a garke. Malik Irshad ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta kamar yadda ake yi wa maraƙi, maƙwabta suka ce a ƙara bokiti, aka ƙara. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fat". Mai gyara ya shinshina, ya cire hula, ya ce sabon inji sai mako mai zuwa. Moti kuwa ba za ta kai mako ba a wannan zafi.

Ta rasu ta bar Moti kwance, harshe a waje, haƙarƙari na sama da ƙasa, ta ƙi nono. Ta bar Billo, wadda ba ta sakin madara sai ta lashi ’yarta, da gida guda da ba shi da wani abin sayarwa sai madarar. Malik Irshad ne ya gaji kujerarta, da mafici a hannu. Shahnaz na jiƙa buhu tana ce wa mijin nata, "Baban Nida, kaɗa mana. Marigayiya ko babu wuta ta fi ka motsi."

Za a ɗauki gawa gobe bayan la'asar a keken jakin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a garke. Kowa ya zo da maficinsa. Mai ƙanƙara ba sai ya yi sallama ba.

Ba za a haɗa da sauran ciyawar jikin marigayiya ba. Shahnaz ta zare ta, ta shanya a kan rufin ɗaki. Idan maraƙi ya mutu, da ciyawa ake cika fatarsa a tsayar da ita gaban uwar, ta lasa, ta saki madara. Malik Irshad ya ga shanyar. Ya canza hannu ya ci gaba da fifita.