Yadda Za Ka Sa Tsohuwar Kwamfutar Surukinka Ta Nuna Rubutun China

Kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan, na yi masa alƙawarin zai ga rubutun China ɓaro-ɓaro a allonsa kafin mako ya zagayo.

Na san halin da kake ciki. Surukinka ya ba ka kujera a maɗaba'arsa saboda matarka ta ce masa ka san kwamfuta. Yanzu injin yanka takarda ya tsaya, waɗanda suka ƙera shi sun aiko da bayanin gyara da harshensu, kwamfutar ofis kuwa, wadda ta girmi aurenka, ba ta nuna komai sai 'yan akwatuna layi-layi. In ba ka yi wani abu ba, kujerar nan ta tafi.

1. Kada ka nuna mamaki

Dubi akwatunan, ka gyaɗa kai. Idan surukin ya ce, "Injiniya, ko ta lalace ne?" sai ka ce, "A'a Baba, haruffan ne ba su zauna ba." Kai ma ba ka san ma'anar wannan ba, amma tana da daɗin ji.

2. Nemo faifan asali

Kwamfutar za ta ce sai an saka mata faifan da ta zo da shi. Yana nan. Shekara shida ke nan sakatariya tana ɗora kofin shayinta a kansa. Jira ta fita, ka wanke shi, ka goge da gefen rigarka. In aljihun faifan ya ƙi buɗewa, tsikare shi da allura, amma ka juya wa ƙofa baya.

3. Samar da wuri

Za ta ce cikinta ya cika. Goge duk abin da ba ka gane ba. Mai amfani a ciki zai bayyana kansa ranar da aka neme shi.

4. Amince da kowace tambaya

Gwani ba ya tsayawa karatu. Danna, danna, ka bar ta ta mutu ta tashi, tana gurnani kamar tsohuwar fanka. Za ta dawo da rubutun China a ko'ina, har inda ba ka roƙa ba. Idan sakatariya ta ce, "Malam, ina wasiƙuna? Ko wurin kashewa ban gane ba," ka ce mata ci gaba ke nan.

5. Kira surukinka

Zai jawo kujera, ya sa tabarau, ya kira makaniki ya tsaya da sifana a hannu. Zai daɗe yana kallon allon, har ka ji ƙirjinka ya cika da alfahari. Sannan ya ce, "Madalla, Injiniya, Allah ya yi albarka. To, karanta mana. Wane noti za a fara kwancewa?"

A nan za ka tuna ko harafi ɗaya ba ka iya karantawa ba. Kunya irin wannan ba ni da matakin maganinta.

Sanarwa: alƙawarin da na ɗauka shi ne rubutu ya fito, ban ce kowa zai iya karanta shi ba. Wasiƙun da suka ɓata, injin da har yanzu yake tsaye, da gaisuwar da suruki zai riƙa amsawa ciki-ciki, duk babu hannuna. Idan matarka ta tambayi abin da ya dawo da kai gida da hantsi, kada ka ambace ni. Tawa ma har yau ban gama yi mata bayani ba.