Ranar da Na Wanke Kuben Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na fara hango su, jere a bangon falon surukina a Gawon Nama: kube goma sha ɗaya, baƙi ƙirin, kowanne da tsatsa a baki. Mijina ya ce gidajen banati ne, wuƙar nan da sojoji ke ɗaurawa a bakin bindiga, kuma Baba ya shekara talatin yana tara su.

Ni kuwa satina biyu da aure, kaina cike da littattafan soyayya, inda amarya kan yi wata bajinta guda dangin miji su sallama mata har abada. Baba bai taɓa ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa. Na ƙudurta da kuben nan zan saye zuciyarsa.

Yana fita kasuwa na sauko da wanda ya fi dauɗa. Toka, lemon tsami, yashi, soson ƙarfe, duk abin da nake yi wa gindin tukunya na yi masa. Akwai wasu 'yan ɗige-ɗige a bakinsa da suka ƙi fita, na dage sai da suka ɓace (har waƙa nake yi, Allah Ya yafe mini).

Bayan La'asar Baba ya dawo da baƙo, wani malamin tarihi, Malam Bulus, wanda ya zo musamman don karanta lambar wannan kuben, a gane rundunar da mai shi, kakan mijina, ya yi soja a ciki. Na durƙusa bakin ƙofa ina jiran yabo.

Malam Bulus ya juya kuben, ya cire tabarau, ya mayar.

“Alhaji, ina lambar?”

Baba ya dubi ƙarfen, ya ga fuskarsa a ciki.

“Ɗiyata, mi kika sa mai?”

“Toka, Baba. Da yashi kaɗan.”

Ya ce, “To, aƙalla yau na san gidan ɗana ba ya kwana da ƙazanta.”

Kwana uku ban iya fitowa gaisuwa ba. Da kansa ya aiko a kira ni, ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake gane kube ta hatimi da ɗinkin fata. Tun daga nan na koyi tambaya kafin in ɗauki soso.

Baba ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, ni ke karanta masa lambobin. Amma har yau sai ya shinshina hannuna, ko zai ji lemon tsami, kafin ya miƙo mini kube.