Kwaɗon Kejin Kwamfutata Ya Huta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa mai cike da kumburi, ni Nathan Shekari, mai shagon buga takardu a Sabon Tasha, nake sanar da 'yan'uwa cikin Ubangiji rasuwar kwaɗon kejin ƙarfen da kwamfutata ke ciki. Ya huta ranar Alhamis, bayan shekara bakwai a bakin aiki.

Marigayi ya zo hannuna a 1999, makon da sojoji suka koma bariki. Na ce tunda 'yanci ya samu, gara in kulle kayana. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa shiga yajin aiki ba. Kalmarsa ɗaya ce safe da yamma: "Ƙaras!"

Ciwon ajalinsa ya fara ranar Laraba, da makulli ya faɗa kwalbati. Ban damu ba, ai ina da na ajiya, wanda na ɓoye inda ɓarawo ba zai taɓa kaiwa ba: cikin kejin, ƙarƙashin kwamfutar. Ga tsarin bikin auren 'yata Hadassah a cikinta, aure kuwa Asabar ne. Matata Mary ta ce ko in buga shi, ko in tsaya gaban coci in karanto shi da ka.

Washegari Isiyaku mai walda ya yi jinyarsa awa uku, ni kuma na danne kejin da ƙarfina kada ya motsa. Marigayi ya karya zarto biyu, ya turo guduma kan yatsana, sannan ya cika cikin mutunci. Da na saki kejin, Isiyaku ya jingina da shi zai share zufa, sai keji ya zame gefe. Ashe tun ranar farko ba a ɗaure shi da tebur ba. Ɗagawa kawai ake yi, kamar murfin tukunya. Shekara bakwai, mutum ɗaya tak marigayi ya hana taɓa kwamfutar nan, kuma ni ne. An dai buga tsarin biki, Mary na zaune a ƙasa tana share hawayen dariya.

Marigayi ya bar keji ɗaya, da makullin ajiya da bai taɓa shiga jikinsa ba, da ni.

Jana'iza ranar Litinin bayan biki, ƙarfe goma na safe. Gawa za ta tashi daga shago cikin aljihuna zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a Kudenda. Masu zuwa gaisuwa, don Allah kada a jingina da kejin. Har yanzu ban ɗaure shi ba.