Rasuwar Ofune, Kujerar Gefen Babur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Kuramoto Shigeharu, mai shagon curin kifi na bakin gada, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan ciniki da ɗaukacin tsofaffi 'yan kwat rasuwar Ofune, kujerar gefen babur ɗina. Rai ya yi mata halinsa ranar Talatar da ta wuce a ƙofar shagonmu, tana ɗauke da akwatunan kifi da ƙanƙara, aikin da ba nata ba.

Marigayiyar ta shigo gidanmu a shekarar da aka haifi ɗana Noritaka. Na saye ta a hannun wani likitan dabbobi da ya gaji da yawo, na ɗaura ta a hagun babur, matata Fusae ta dube ta sama da ƙasa ta ce ai wannan kwalekwale ne aka yi wa ƙafa. Sunan Ofune, wato kwalekwale a harshenmu, ya bi ta daga ranar. A cikinta Noritaka ya yi barcinsa na jarirai, don in ya tashi da rigima babu abin da ke kwantar da shi sai a zagaya da shi bakin tashar jiragen ruwa. A cikinta ya yi amai, ya yi fitsari, ya zubar da haƙorinsa na fari. Ba ta taɓa tona masa asiri ba, ni ne yau nake tonawa.

An shaide ta da haƙuri da rashin raina fasinja. Mai ƙiba da siriri duk ɗaya ne a wurinta. Ba ta da yawan magana. In an karya kwana ta hagu sai ta ce ƙiiiƙ, a hankali, kamar mai neman gafara. In an hau gadar katako sai ta ce gwaram-gwaram-gwaram har a sauka. In an tsaya a danja, marfin bayanta ya riƙa kaf-kaf-kaf shi kaɗai. Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a duniya, kuma duk gaskiya ne.

Babbar ɗabi'arta, wadda nake so mazan garin nan su karanta sau biyu, ita ce ba ta jin kunyar makanike. Kowace bazara a kan ɗaga ta sama, a leƙa ƙarƙashinta da fitila, a ƙwanƙwasa, a kankare tsatsa tun tana ƙarama. A gari irin namu da iskar teku ke cinye ƙarfe, sa'o'inta duk sun daɗe da zama ɓurɓushi. Ita ta haura shekara hamsin saboda ta yarda a duba ta a inda ba a gani.

Amma aikin da za a fi tuna ta da shi ta same shi ne da tsufa. Kowa ya san zagayen da muke yi duk watan Mayu: mu sa kwat da laktaye, mu murɗe gashin baki, mu hau tsofaffin babura mu ratsa gari muna tara gudummawa don binciken sankarar mafitsara, wadda ke kama maza a ƙasan mara. A shekarun farko mutane sun ɗauka tsofaffi ne suka rasa abin yi. A tafa mana, a jefa tsaba a akwati, a koma gida. Sunan cutar kuwa, ko mu da muka fito dominta sai mu faɗe shi ciki-ciki, kamar mai neman banɗaki a gidan surukai.

Sai aka yi wa Hamabe Genzo aiki. Genzo matuƙin jirgin kamun kifi ne, abokina tun muna makaranta, mutum mai baki kamar reza. Bayan aikin bai iya wara ƙafa a kan sirdin babur, zama ma sai da matashi. Iyalinsa suka baza cewa ciwon baya ne. Ranar zagaye da safe sai ga shi a ƙofar shagona cikin kwat, da matashinsa a hammata. Ya ce in matsar da tarkacena daga cikin kwalekwalen nan, shi ba ciwon baya yake yi ba, kuma yau sai gari ya sani. Na sa shi a Ofune, muka shige gaban jerin. Duk wanda ya ɗaga masa hannu sai ya nuna ƙasan cikinsa da yatsa ya ce ya je a duba nasa. Matarsa ta yi mako ba ta fita kasuwa ba. Amma a watan nan ma'aikatan jinya na asibitin unguwa sun ce ba su taɓa ganin maza sun yi layi haka ba.

Tun daga nan ta zama al'ada. Duk wanda aka yi wa aiki a shekarar, shi ke zama a Ofune a gaban kowa, ni ina tuƙi. Ta ɗauki shugaban makaranta mai ritaya. Ta ɗauki mai gidan wanka. Ta ɗauki Ryokai, malamin haikalin kan tudu, da rigarsa ta ibada a ƙarƙashin kwat. Wasu sun shiga suna dariya, wasu sun shiga fuska a murtuke kamar za a kai su kotu, amma ban ga wanda ya fito yana nadama ba. Biyu daga cikinsu sun riga ta tafiya, don an gano nasu a makare. Sauran suna nan suna cin shinkafa suna damun jikoki.

Bana layi ya zo kaina. A kakar da ta wuce gwajin jini ya nuna, aka duba, aka samu, aka yanke. An kama shi da wuri, don Genzo bai taɓa barina na tsallake gwaji ba. Ina nan da raina. Sai dai sirdi ya fi ƙarfina, kuma har yanzu ina sa ƙunzugu, irin na manya, mai launin toka. Na rubuta shi a nan da hannuna don kada wani ya wahalar da kansa wajen raɗa.

Likitan ya ƙara da wata magana, ita ce ta hana ni sukuni. Ya ce abin kan bi jini, in ina da ɗa namiji da ya kai hamsin, ya zo. Ni kuwa na san ya bi jini, don ubana ma da ciwon baya aka ce ya tafi, sai daga baya muka ji sunan gaskiya. Noritaka ya haura hamsin. Matarsa Kayoko ta gaya wa Fusae, Fusae ta gaya mini, cewa kwanan nan yakan bar tukunyar turara kifi ya zaga baya fiye da da. Wataƙila ba komai ba ne. Wataƙila shayi ne ya yi masa yawa. To ya je a gaya masa ba komai ba ne mana! Na yi lallashi, ya ce aiki ya yi yawa. Na yi faɗa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na aika Genzo, Noritaka ya ba shi curin kifi kyauta ya rako shi har bakin gada.

Da Mayu ya matso na ce wa Noritaka shi zai tuƙa ni bana, sai ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Baba, abinci fa muke sayarwa. Ka zauna a cikin abin nan, gari ya san abin da ke cikin wandonka, wa zai ƙara sayen kifinmu?"

Na ce, "Waɗanda na ɗauka a cikinta duk a nan suke saye. Kai ne ka tsorata, ba su ba."

Washegari ya ce motar shago ta lalace, ya mayar da Ofune 'yar dako. Tsohuwar da ta ɗauki malamin haikali, ita ce aka riƙa lafta wa akwatuna masu yoyon ruwan gishiri safe da rana, ba wanka, ba shafa mai. Lokacin dubawarta na bazara ya zo ya wuce, ya ce babu sarari. Na ji muryarta ta sauya. Ƙiiiƙ ɗin nan ya koma gurnani, gwaram ɗin gada ya zama ƙararrap. Ranar Talata, yana ɗora akwati na ƙarshe, ƙarfen da ke riƙe da ita a ƙasa ya ce ɓas, ta durƙusa a gefe, ƙanƙara ta watse a titi. Makanike ya zo ya leƙa, ya cire hularsa. Ya ce babu sauran inda walda za ta kama.

Ba na cewa ɗana ya kashe ta da gangan. Tsohuwa ce, ko ba jima ko ba daɗe za ta tafi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da ya faɗa yana tsince ƙanƙara, ko ɗagowa bai yi ba: wai to shi ke nan, bana sai a huta a gida. Har da ajiyar zuciya. Ya ɗauka in babu kujerar, babu zaman, in babu zaman, babu maganar. Yaron nan shekara hamsin yana gidana bai san ni ba.

Marigayiyar ta bar babur ɗinta, wanda yanzu ke jingine da bango don ya manta yadda ake tsayuwa shi kaɗai. Ta bar matashin Genzo, da ya ce a bar shi a ciki don na gaba. Ta bar ni, da Fusae da ta raɗa mata suna, da mazan da ta ɗauka da matansu da ba su zama zawarawa ba. Ta kuma bar ɗa guda da ta yi renonsa, wanda ba ya son a tuna masa.

Ga yadda jana'iza za ta kasance.

Za a yi ta ranar Lahadin zagaye, a haikalin kan tudu, inda ake yi wa tsofaffin allurai da 'yan tsana addu'ar sallama. Malam Ryokai ya amince tun kafin in rufe baki, ya ce ko kyauta zai yi, ai tana binsa bashin zama. Za a ɗora gawar a bayan ƙaramar motar ɗaukar kaya ta Genzo, a ɗaure ta da igiyar jirgi, a sa ta a gaban jerin babura kamar kullum. Fusae ce za ta tuƙa, a hankali. Ni kuma zan zauna a cikin Ofune, da kwat ɗina da laktaye. Na je na tambaya, an ce doka ta yarda mutum ya hau bayan mota in gadin kaya yake yi. To gadin kaya zan yi. Daga can sama ma an fi ganin mutum. Za mu bi ta kasuwa, mu haye gada, mu tsaya a ƙofar shagonmu daidai lokacin da masu saye suka fi yawa.

Ba a karɓar ambulan ɗin kuɗin ta'aziyya. Wanda ya zo da shi ya jefa a akwatin bincike. Furanni ma a bar su, ba ta taɓa sonsu ba, ƙudan zuma suke jawo wa fasinja.

A ƙofar haikali za a tarar da tebur da ma'aikatan jinya biyu da suka ba da ranar hutunsu. Duk namijin da ya kai hamsin, sai ya miƙa hannu an ɗebi jini kafin ya shiga, in ba ya nuna an yi masa a bana ba. Babu auduga a gwiwar hannu, babu ƙona turare. Malamin haikali ya yarda da wannan, shi ma zai tsaya a bakin ƙofa.

Babban mai makoki kuwa, wanda zai karɓi gaisuwa a madadin iyali, shi ne Kuramoto Noritaka, ɗan fari. Na riga na buga sunansa, ga shi kowa ya karanta. Kun san al'ada: babu mai taɓa turare sai babban mai makoki ya fara. Saboda haka ina roƙon jama'a su zo da haƙuri da laima. In ya makara za mu jira. In ya ƙi, za mu tsaya a tsakar haikali, tsofaffi cikin kwat a rana, da malami, da uwarsa, da ni a cikin kujerar, har sai ya zo.

Noritaka, na san kana karantawa, kuma na san kunnuwanka sun yi ja. Yi fushinka, ka daina yi mini magana har sabuwar shekara in ka ga dama, zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in tsaya a gidan ƙona gawa da tsinke a hannu ina tsintar ƙasusuwanka daga toka bisa al'adarmu. Kai ne za ka tsinci nawa, haka tsarin yake, kuma ba zan bari kunya ta juya shi ba. Za a fara da ƙarfe goma na safe. Ka sa rigar da hannunta ke naɗuwa.