Akuyar Ritayar Malama Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na koya wa tsofaffin Kurfi dabarar zaman ritaya ba, ni da ko shekara biyu ban cika a bakin allo ba.

'Yancin kai bai daɗe ba a lokacin, ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, kaina cike da iska. Ƙungiyarmu ta malaman makaranta ta shirya taron sallama ga Malama Hadiza, wadda ta tsufa tana koyar da 'yan mata a Kurfi. A taron ne kuma za a zaɓi wakiliyar mata, kujerar da nake so kamar in mutu. Don in burge, na ce a bar mini sayen kyauta. Babu zane, babu kwano, akuya za a ba ta, ta riƙa haihuwa tana tallafa wa ɗan fanshon da ba ya kai ƙarshen wata.

(Ni 'yar akawu ce, a makarantar kwana na girma. Sanina da akuya bai wuce cikin miya ba.)

Ranar kasuwa na sami dillali, na ce ina son ta bikin ritaya, wadda ta fi ƙiba. Ya jawo wata ja mai sheƙi, cikin nan tim. Na ce a raina, wannan ai tagwaye ne. Ban tambaya ba, don kada ya raina ni.

A bayan motar kaya muka isa Kurfi. Aji ya cika, tsofaffin 'yan ƙungiya da suka yi ritaya sun jeru a bencin gaba. Na ɗaure dabbar a ƙafar tebur, na gyara mayafi, na buɗe baki. Na ce mace ta yi wa tsufanta tanadi tun da ƙarfinta, kada ta zauna jiran ɗa ko miji. Na dafa cikin nan na ce, “Kafin kaka za ta haihu, baɗi Malama sai ta ƙara garke!”

Na ga tsofaffin suna ta tari cikin hannun riga. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su, sai na ƙara murya.

Malama Hadiza ta taso a hankali, ta duƙa, ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

“Ɗiyata, mi kika ce za ya yi kafin kaka?”

“Haihuwa, Malama.”

“To Allah Ya nuna mana. Ni dai tun da nike ban ga taure ya haihu ba.”

Ashe namiji ne dandaƙaƙƙe, irin na yanka. Dillali ya ji biki, ya ba ni na tukunya. Wani tsohon hedimasta ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Aka zo zaɓe. Da aka kira sunana, hannu ɗaya tak ya tashi, na Malama Hadiza. Ta ce duk wadda za ta sa wanga ya haihu, gwamnati ma sai ta ji tsoronta. Wata ta ci kujera, mu kuma muka cinye tanadin tsufan Malama da shinkafa kafin la'asar.

Yanzu da na yi ritaya, malamai mata kan zo neman shawarar tanadi. Nakan ce su yi kiwo, kiwo na da kyau. Amma kafin su yi wa kowa jawabi, su duƙa su leƙa.